Gidan Arlington: Gidan da Yaƙi Ya Mai da Lambunsa Makabarta

A wannan wata za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka, mu duba wani tsohon gida da ke bisa tudu a jihar Virginia, daura da birnin Washington. Kogin Potomac ne kaɗai ya raba su. Sunan gidan Arlington. Yana ɗaya daga cikin manyan gidajen da masu gandu na kudancin Amurka suka gina kafin yaƙin basasarsu, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865. Irin waɗannan gidaje suna da yawa a can, amma da wuya a sami wanda yaƙin ya juya labarinsa kamar wannan. Mutumin da ya gina shi ya yi nufin ya zama wurin tunawa da mutum guda. Yau kuwa kaburbura fiye da 400,000 ne suke kewaye da shi.

Wanda ya gina shi

Sunan mai gidan George Washington Parke Custis. An haife shi a 1781. Mahaifinsa agolan George Washington ne, shugaban Amurka na fari, watau ɗan da matarsa Martha ta zo da shi daga aurenta na farko. Yaron yana jinjiri mahaifinsa ya rasu, sai Washington da Martha suka ɗauke shi, suka goye shi a gidansu na Mount Vernon. Washington ya rasu a 1799, Martha kuma ta bi shi a 1802. A shekarar nan Custis yana da shekara 21, ya gaji fili mai eka 1,100 wanda mahaifinsa ya saya tun 1778, ya kuma gaji bayi masu yawa.

Custis yana ƙaunar kakan nan nasa ƙwarai. Da aka yi gwanjon kayan Mount Vernon, ya sayi abin da ya iya saye, har ya shiga bashi. A hannunsa gadon da Washington ya rasu a kai ya zauna, da alfarwan da ya kwana a ciki lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, da tasoshin tangaran, da takardu, da hotuna. Domin waɗannan kaya ne ya ƙudura zai gina gida wanda duk mai tsayawa a birnin Washington zai ɗaga ido ya gani.

Yadda ginin yake

Wanda ya zana fasalin gidan wani Bature ne ɗan Ingila, George Hadfield, wanda ya taɓa lura da aikin ginin majalisar dokokin Amurka. Ba a yi ginin gaba ɗaya ba, gama kuɗi ba su isa ba. An fara da sashen arewa a 1802, aka gama sashen kudu a 1804, aka bar fili tsakaninsu. Babban sashe na tsakiya, mai bene, bai kammala ba sai a 1818. Watau shekara 16 ke nan ana abu guda. Daga ƙarshen sashen arewa zuwa ƙarshen na kudu, tsawon gidan ƙafa 140 ne.

Abin da ya fi jan ido shi ne babban shirayi na gaba. Faɗinsa ƙafa 60, zurfinsa ƙafa 25. Ginshiƙai takwas ne suke ɗauke da shi, shida a jere a gaba, biyu a bayansu. Tsayin kowane ginshiƙi ƙafa 23 ne, kaurinsa a gindi ƙafa 5. A bisansu akwai goshin gini mai kusurwa uku. An ɗauko wannan fasali daga haikalin Helenawa na dā, mutanen ƙasar Girka. A zamanin nan Amurkawa suna ganin kansu magadan Helenawa wajen mulkin jama'a, saboda haka suka riƙa kwaikwayon gine-ginensu a kotuna, da bankuna, da majami'u, da gidajen attajirai. Arlington na cikin gidajen farko da aka yi wa wannan fasali a ƙasar. Wanda ya tsaya kusa zai ga kamar ginshiƙan sun yi wa gidan kauri. Da gangan aka yi su haka, domin daga ƙetaren kogi ake so a gan su.

Daga nesa mutum zai rantse da dutse aka yi ginin. Ba haka ba ne. Jan tubali ne, wanda bayi suka buga da yumɓun filin suka ƙona a nan wurin. Bayan an gina, sai aka shafe tubalin da wani irin siminti, aka ja masa layuka kamar inda duwatsu suke haɗuwa, aka kuma yi masa fenti mai kama da marmara. Har ginshiƙan ma tubali ne a ciki. Katakon kuwa daga kurmin da ke bayan gidan aka saro shi.

In ka shiga ta babbar ƙofa, za ka tarar da dogon zaure wanda ya ratsa gidan daga gaba zuwa baya. Rufinsa yana da tsayi, ƙofofinsa suna duban juna, domin iska ta riƙa ratsawa a lokacin zafi, gama bazarar Virginia tana da gumi. A hannun dama akwai ɗakin zaman iyali da ɗakin cin abinci, bakan gizo uku ne suka raba su. A hannun hagu akwai babban ɗakin baƙi. Wannan ɗaki ya yi kusan shekara arba'in ba a gama shi ba, ana jibge tsofaffin kaya a ciki, sai a 1855 aka ƙarasa shi. Ɗakunan kwana suna bisa bene. Kowane babban ɗaki yana da murhun jin ɗumi saboda hunturu. A ƙarƙashin sashen arewa akwai madafa ta lokacin sanyi, inda zafin girki yake hawa ya ɗumama ɗakunan da ke sama. A kudu da gidan akwai lambun furanni, a arewa kuma lambun kayan miya.

Bayan gida

A bayan gidan akwai ƙananan gine-gine biyu masu duban juna, da tsakar gida a tsakaninsu. A nan madafar bazara take, da ɗakin ajiya, da ɗakin bandar nama, da ɗakunan bayin da suke aikin cikin gida. Sauran bayin, masu aikin gona, suna can ƙasa wajen kogi a cikin bukkokin katako. Custis yana da bayi kusan 200 a gandayensa uku, 63 daga cikinsu a Arlington. Su suka buga tubalin, su suka ɗora shi, su suka riƙa ɗebo ruwa da itace suna hura murhun nan duka.

Matar Custis, Mary Lee Fitzhugh Custis, mace ce mai ibada. Takan tara mutanen gida domin addu'a safe da yamma, ta kuma koya wa bayi karatu, ko da yake dokar Virginia ba ta yarda a yi wa baƙaƙe makaranta ba. Ita da 'yarta suna goyon bayan ƙungiyar da take kai 'yantattun bayi ƙasar Laberiya. Ta wannan hanya William Burke da matarsa Rosabella da 'ya'yansu suka bar Arlington zuwa Laberiya a 1853, suka kuma riƙa aiko da wasiƙu daga can. Amma duk da addu'ar da koyarwar, mutanen da ke bayan gida bayi ne, ana lissafta su cikin dukiya tare da dawakai da shanu. Akwai kuma abin da aka daɗe ba a faɗa a fili. Wata baiwa mai suna Maria Carter, wadda aka ɗaura aurenta da Charles Syphax a cikin gidan a 1821, zuriyarta sun riƙe cewa 'yar Custis ce ta cikinsa. Ya 'yanta ta, ya ba ta eka 17 daga filin. Sai a 2016 hukumar da take lura da gidan ta amince da wannan dangantaka a fili.

Wasiyyar da ta zama kaya

Daga cikin 'ya'yan da Custis ya haifa da matarsa, ɗaya ce kaɗai ta rayu, sunanta Mary Anna. Ran 30 ga Yuni, 1831, a ɗakin zaman iyali, aka ɗaura aurenta da wani saurayin hafsan soja, Robert E. Lee. Sun haifi 'ya'ya bakwai, shida daga cikinsu a wannan gida. Lee bai taɓa mallakar Arlington ba. Gidan surukinsa ne, daga baya ya zama na matarsa. Amma nan ne yake komowa duk lokacin da ya sami hutu, har shekara talatin.

Custis ya rasu a 1857, ya bar wasiyya mai wuyar cikawa. Ya ce gidan na 'yarsa ne muddin ranta, bayanta kuma ya koma ga babban ɗanta. Ya ce a ba jikokinsa mata huɗu dala 10,000 kowacce. Ya kuma ce a 'yanta bayinsa duka, kada a wuce shekara biyar da rasuwarsa. Ga shi kuwa bashi ya bari, gonakin sun lalace, ba kuɗin da za a biya gādon jikokin sai abin da gumin bayin zai kawo. Bayin kuwa sun ce maigida ya faɗa musu da bakinsa cewa da ya rufe ido sun zama 'ya'ya.

Lee ne aka ɗora wa zartar da wasiyyar. Ya ɗauki dogon hutu daga aikin soja, ya tsananta aiki a gonakin, ya ba da waɗansu bayi haya zuwa wurare masu nisa, abin da ya raba iyalai da yawa. Ya kuma nemi kotu ta ƙara masa lokaci a kan shekara biyar ɗin, kotu ta ƙi. A 1859 wani bawa mai suna Wesley Norris ya gudu tare da 'yar'uwarsa Mary da wani ɗan'uwansu. Aka kama su a jihar Maryland aka komo da su. Bayan yaƙi, a 1866, Norris ya ba da shaida a jarida cewa Lee ya sa an yi wa mazan bulala hamsin hamsin, macen ashirin, aka kuma wanke bayansu da ruwan gishiri. Lee ya musunta wannan a wata wasiƙa, amma bai amsa a fili ba. Masu binciken tarihi da yawa sun karɓi shaidar Norris, gama takardun lokacin sun yi daidai da yawancin abin da ya faɗa. Ba a shigar da takardar 'yancin bayin Custis a kotu ba sai ran 29 ga Disamba, 1862, bayan wa'adin ya cika.

Daren da Lee ya zaɓa

A 1860 akwai bayi kusan miliyan huɗu a Amurka. Da aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa a shekarar nan, mutumin da ya ƙi a faɗaɗa bauta zuwa sababbin yankuna, sai jihohin kudu suka fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Ran 12 ga Afrilu, 1861, aka harba igwar farko. Ran 17 ga wata babban taron Virginia ya zaɓi ɓallewa. Kashegari aka kira Kanar Lee zuwa Washington, aka yi masa tayin shugabancin babbar rundunar da gwamnati take tarawa. Ya ƙi. Ya ƙetare kogi ya koma gida. Ran 20 ga Afrilu, a cikin wannan gida, ya rubuta takardar barin aiki, bayan shekara 32 yana hafsa a sojan ƙasar. Dalilinsa shi ne ba zai iya ɗaga hannu a kan jiharsa da danginsa ba. Ran 22 ga wata ya kama hanyar Richmond, bai kuwa sake taka Arlington ba har ya mutu.

Lee soja ne, ya san abin da zai biyo baya. Tudun da aka zaɓa domin a ga gidan daga Washington, shi ne kuma tudun da igwa za ta iya auna Washington daga kansa. Ba gwamnatin da za ta bar irin wannan wuri a hannun abokan gāba. Ya yi ta rubuto wa matarsa ta tashi. Ta aika da waɗansu kaya masu daraja zuwa wurin dangi, ta kulle sauran a ɗakin ƙasa da saman rufi, ta bar gidan a tsakiyar watan Mayu. Ran 24 ga Mayu, 1861, dubban sojojin gwamnati suka ƙetare Potomac suka mamaye tudun. Gidan ya zama hedkwatar Janar Irvin McDowell. Aka kafa alfarwai a farfajiya, aka sare yawancin kurmin domin itacen wuta da ginin ganuwa, aka haƙa ramummuka aka kafa igwa.

Makullai a hannun baiwa

Sa'ad da uwargida Mary za ta tashi, ba ta ba wani ɗan'uwa ko maƙwabci makullan gidan ba. Ta danƙa su a hannun Selina Norris Gray, baiwar da take lura da cikin gida, 'yar'uwar Wesley Norris ɗin nan da muka ambata. A Arlington aka haifi Selina. Ita da mijinta Thornton Gray da 'ya'yansu suna zaune a ɗaya daga cikin gine-ginen bayan gida.

Ba a daɗe ba ta lura sojoji sun fasa inda aka ɓoye kayan Washington, suna ɗiba ɗaya ɗaya. Ku tuna, baiwa ce, ba ta da iko a gaban doka, masu ɗibar kuwa suna riƙe da bindiga, su ne kuma rundunar da 'yancinta yake hannunsu. Da ta kau da kai, ba wanda zai ga laifinta. Amma ta tsawata musu, ta kuma kai ƙara wurin Janar McDowell kansa. Janar ya sa aka tsare sauran kayan, daga baya aka kwashe su zuwa wani ofishin gwamnati a Washington. A 1901 aka mayar wa iyalin Lee da su. Alfarwar Washington, wadda aka buɗe wa gidan tarihi a birnin Philadelphia a 2017, tana cikin kayan da suka tsira ta wannan hanya. Selina ta sami 'yancinta a ƙarshen 1862, ita da mijinta suka sayi fili a kusa, ta rasu a 1907.

Harajin dala 92

A 1862 majalisar dokoki ta kafa dokar karɓar haraji a kan filayen da ke yankunan tawaye. Aka yanka wa Arlington dala 92 da santi 7. Masu karɓar harajin suka kafa sharaɗi cewa sai mai fili ya zo da kansa ya biya. Mary Lee tana Richmond, a bayan layin yaƙi, ciwon sanyin ƙashi kuma ya riga ya zaunar da ita a keken guragu. Ta aiki wani ɗan'uwanta, Philip Fendall, da kuɗin, aka ƙi karɓa. Ran 11 ga Janairu, 1864, aka yi gwanjon filin, gwamnati ta saye shi a kan dala 26,800.

Tun kafin wannan, a 1863, gwamnati ta kafa ƙauye a wani sashe na filin domin bayin da suka gudo ko aka 'yanta, waɗanda suka cika Washington ba wurin kwana. Aka gina musu gidajen katako a jere, da makaranta, da asibiti, da gidan tsofaffi, da wurin koyon sana'a. Sanannar mai wa'azin nan Sojourner Truth, wadda ita ma a cikin bauta aka haife ta, ta yi aiki a ƙauyen a 1864 tana ba da shawara ga mata. Mutanen suka kafa majami'unsu, waɗansu ikilisiyoyin da ke yankin Arlington kuwa, kamar Mount Zion Baptist, daga nan tushensu yake. An yi nufin ƙauyen ya zama na ɗan lokaci, amma ya kai har 1900 kafin gwamnati ta tashe shi.

Kaburbura a bakin lambu

A watan Mayu na 1864 aka yi munanan yaƙe-yaƙe a Virginia. Jiragen ruwa suka riƙa kawo masu rauni asibitocin Washington, suna mutuwa kowace rana, makabartun sojoji kuwa sun cika. Wanda nauyin neman sabon wuri yake kansa shi ne Janar Montgomery Meigs, shugaban sashen kayan aiki na soja. Meigs haifaffen jihar Georgia ne, a kudu, ya kuma taɓa aiki a ƙarƙashin Lee a bakin kogin Mississippi a 1837. Amma shi ya tsaya tare da gwamnati, yana kuma ganin Lee a matsayin wanda ya ci amanar rantsuwarsa. Shi ya ba da shawarar Arlington.

Ran 13 ga Mayu, 1864, aka binne soja na farko, William Christman, saurayi daga jihar Pennsylvania, wanda ciwo ya kashe a asibiti tun bai ga fagen fama ba. Ran 15 ga Yuni sakataren yaƙi Edwin Stanton ya sa hannu aka keɓe eka 200 domin makabartar ƙasa. Da fari an riƙa binne mutane can nesa da gidan, gama hafsoshin da suke kwana a ciki ba su son kaburbura a kusa. Meigs bai yarda ba. Ya ba da umarni a jera kaburburan hafsoshi a bakin lambun furannin uwargida Mary, domin kada iyalin su sake sha'awar zama a wurin. A watan Oktoba na shekarar aka kashe ɗansa John a yaƙin, zuciyarsa ta ƙara tauri. A 1866 ya sa aka haƙa babban rami kusa da lambun, aka zuba ƙasusuwan sojoji 2,111 waɗanda ba a san sunayensu ba, aka kafa dutse a kai. Ba shakka akwai 'yan kudu a cikinsu, gama ƙashi ba ya nuna rigar da mai shi ya sa. Shi Meigs kansa a Arlington aka binne shi a 1892.

Cikin waɗanda suka haƙa kaburburan farko akwai James Parks, wanda aka haifa bawa a filin. Ya yi aiki a makabartar fiye da shekara sittin. Da ya rasu a 1929 aka ba da izini na musamman aka binne shi a can. A wani sashe kuma akwai kaburburan 'yantattun bayi kusan 3,800 waɗanda suka mutu a lokacin yaƙin da bayansa.

Bayan yaƙi

Lee ya miƙa wuya ran 9 ga Afrilu, 1865. Yaƙin ya ci rayukan sojoji fiye da 600,000, a ƙarshen shekarar kuma aka haramta bauta a tsarin mulkin ƙasar. Lee ya zama shugaban wata kwaleji a garin Lexington, ya rasu a 1870. Mary ta zo ganin gidan sau ɗaya, a watan Yuni na 1873. Ba ta sauko daga keken doki ba. Ta dubi wurin, ta gaisa da waɗansu tsofaffin bayin gidan, ta ce a juya. A watan Nuwamba ta rasu.

Babban ɗansu, George Washington Custis Lee, ya kai ƙara. A watan Disamba na 1882 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa ƙin karɓar harajin daga hannun wakili ya saɓa wa doka, saboda haka gwanjon bai inganta ba, fili na magaji ne. To, me mutum zai yi da gida mai dubban kaburbura a farfajiya? A 1883 ya sayar wa gwamnati a kan dala 150,000. Sakataren yaƙin da ya karɓi takardar filin kuwa shi ne Robert Todd Lincoln, ɗan Abraham Lincoln. Duniya ke nan, rawar 'yan mata.

Shekaru da yawa gidan ya zama ofishi da masaukin masu lura da makabarta. A 1925 majalisa ta ba da izini a gyara shi, a 1933 aka danƙa shi ga hukumar da take lura da wuraren tarihi na ƙasar, a 1955 kuma aka mai da shi wurin tunawa da Lee. A 1963 aka binne shugaba John Kennedy a gangaren da ke gaban shirayin. Daga 2018 zuwa 2021 aka sake yi wa gidan babban gyara. A wannan karo an gyara ɗakunan bayi tare da na iyayengiji, aka rubuta sunayen iyalan Gray, da Syphax, da Parks, da Norris, da Burke, aka kuma nemi zuriyarsu suka ba da labarin kakanninsu.

Abin da za mu riƙe

Iyaye maza, ku dubi wasiyyar Custis. Nufinsa na 'yanta bayi mai kyau ne, amma ya jinkirta shi har bayan ransa, ya ɗora shi a kan bashi, ya faɗi abu ɗaya da baki ya rubuta wani a takarda. Abin da ya biyo baya shi ne gudu, da bulala, da rabuwar iyalai. Ya yi shekara 55 yana da ikon sa hannu da kansa. Alherin da kake da ikon yi yau, kada ka bar wa magada. In za ka rubuta wasiyya, ka fara lissafta bashinka, ka kuma tara iyalinka ka karanta musu tun kana da rai, domin abin da kunne ya ji ya yi daidai da abin da ke takarda.

Sa'an nan ku ba yaranku labarin Selina Gray. Gidan da ya riƙe ta baiwa, gidan da ɗan'uwanta ya gudu daga cikinsa, shi ne ta tsare wa kaya sa'ad da masu shi suka tsere. Tsaron da ta yi bai mai da bautar ta zama daidai ba, bai kuma biya ta abin da aka ci nata ba. Amma an ba ta makullai ta karɓa, alkawari kuwa kaya ne. Ku tambayi yaran, da su ne aka danƙa wa makullan, me za su yi? Ku saurari amsarsu da kyau kafin ku faɗi taku.